Sati na uku da Bandit: gargaɗin ƙarya da guda ɗaya na gaske

'Yan uwa masu koyo barkanmu da warhaka. Ga inda aka kwana a ɗan aikin Python ɗin nan da nake ginawa a hankali. Na saka Bandit, wato manhajar nan da ke karanta kod ba tare da ta kunna shi ba tana neman inda tsaro ya yi rauni, kuma wallahi ranar farko gargaɗin da ta zubo min sai da ya cika allo har na rasa ta inda zan kama.

Yawancinsu masu lambar B101 ne, ƙorafi kan assert, wato umarnin da ke tsayar da kod in sharaɗin da aka ba shi bai cika ba. Tana da hujja fa, domin in aka kunna Python da -O duk wani assert cire shi ake yi, to wanda ya jingina tsaro a kansa ya shiga uku. Amma nawa duk a fayilolin gwaji suke, shi kuma pytest, manhajar da ke gudanar da gwajin, da assert yake aiki, sai kawai na ware jakar tests da -x, aka wuce wurin. Sai B105 da ya ce wai na rubuta fasuwod a fili, na duba, token_type = "bearer" ne, kalmar token kawai ta gani a sunan ta daka tsalle.

Inda na daɗe shi ne B608, mai zargin an haɗa umarnin SQL, yaren tambayar ma'ajiyar bayanai, da f-string, wato rubutun da ake cusa ƙima a cikinsa kai tsaye. Guda huɗu ta nuna min. Na farko ƙarya, na biyu ƙarya, na uku ma haka, sunan tebur ne da ni na rubuta da hannuna a saman fayil babu yadda wani daga waje zai taɓa shi, kuma a lokacin na gaji, hannuna har ya kai kan rubuta # nosec, alamar da ke sa Bandit ta tsallake layin kod, a na huɗun ba tare da na karanta ba, Allah dai ya sa na tsaya na bi diddigin inda ƙimar ta fito, ashe sunan layin tebur (column) da ake jera sakamako da shi a ORDER BY kai tsaye yake zuwa daga abin da mai amfani ya turo. Wannan kam ƙofa ce a buɗe. Kuma alamar ? da muke sakawa a umarnin SQL a madadin abin da aka turo ba ta karɓar sunan layin tebur, ƙima kaɗai take ɗauka, dole na yi jerin sunayen da aka yarda da su, duk abin da ba ya ciki a ƙi shi.

Daga ranar na daina ganin laifin manhajar. Tun 1953 Henry Rice ya wallafa hujjar cewa babu manhajar da za ta iya faɗin halin kowane kod daidai ba kuskure, to dole ko ta yi ihu a inda babu komai ko ta yi shiru a inda akwai matsala. Ni na fi son mai ihun.

Yanzu ba na saka # nosec tsirara, wannan kitso da ƙwarƙwata ne, yana rufe bakin kowane gargaɗi a layin har da wanda zai ɓullo gobe. Sai dai # nosec B608, a samansa kuma in rubuta dalili a jimla ɗaya. In na kasa rubuta dalilin to ban gane kod ɗin ba tukuna, sai in koma in sake karantawa.

Sati mai zuwa in sha Allah mypy zan shiga, manhajar da ke duba nau'in ƙimomi a kod, zan kunna --warn-unused-ignores ya tono min tsofaffin alamun type: ignore, masu sa mypy ya yi shiru, da suka daina amfani. Wanda a cikinku ya taɓa gwada baseline na Bandit, wato ajiye tsofaffin gargaɗi a gefe don sababbi kaɗai su fito, a tsohon aiki mai girma don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.