Idan kaka ce ke renon yaro bayan rabuwa, wa zai biya ta, kuma nawa?

Iyayen da suka rabu sukan daidaita kan abinci, tufafi, makaranta da magani, amma da an zo kan reno sai magana ta cije. Uwa tana fita aiki, yaro yana wuni wajen kakarsa ko ƙanwar uwarsa, sai ta nemi uba ya riƙa sa hannu a biya mai renon. Shi kuma ya ce ai jininta ne, yaushe aka fara biyan kaka don ta riƙe jikanta? A ganina a biya ta. Sai dai a ware wannan kuɗi daga kuɗin ciyarwa, ya zama yana da nasa lissafi.

Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaro ne, kuma ba ya canzawa sosai daga wata zuwa wata. Kuɗin reno kuwa ladan aikin wata ne, yana hawa yana sauka gwargwadon sa'o'in da ta yi. Idan aka dunƙule su wuri ɗaya, ranar da yaro ya shiga makaranta uba zai ce a rage, uwa ta ce an taɓa abincin ɗanta, kowannensu kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare.

Biyan wata don ta kula da jariri ba baƙon abu ba ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta a ba wata shayarwa muddin an biya abin da aka yi alkawari, kuma a fiƙihun Musulunci ciyar da yaro a wuyan uba yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗora nauyin tarbiyya a kan iyaye biyu. A Kanada, ƙa'idar ciyar da yara ta tarayya ta sa kuɗin reno cikin kashe-kashe na musamman da ake rabawa gwargwadon samun kowa. Saboda haka a fara sanin dokar da ke aiki a kanku, domin ita ce za ta faɗi ko uba ne zai ɗauka duka ko rabawa za a yi.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙirga sa'o'in da uwa ba ta nan saboda aiki ko karatu, har da lokacin tafiya da dawowa. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kwana biyar a mako, sa'a 45 ke nan. Wata ba mako huɗu cif ba ne, mako 52 ne a raba gida 12, don haka ya kama sa'a 195. Wanda ya yi lissafi da mako huɗu ya ci wa mai reno sa'a 15 duk wata. Daga nan a tambayi abin da gidajen reno biyu ko uku na kusa suke karɓa a kan irin wannan lokaci, a ɗauke shi ma'auni. 'Yar'uwa takan karɓi ƙasa da haka, ba laifi, amma ita za ta faɗa da bakinta, kada a yanke mata. Idan rabawa za a yi kuma samun uba ya ninka na uwa, shi ya ɗauki kashi biyu cikin uku, ita ɗaya.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Idan ta hannun uwa yake wucewa, uba zai fara zargin cewa aljihunta yake komawa, wani lokacin ma haka ɗin ne, ba don ha'inci ba, sai don kaka ta ji kunya ta ce, "Bar shi kawai, 'yar nan, ki saya wa yaro wani abu." Maganinsa kowa ya tura kasonsa kai tsaye asusun mai renon, a rana ɗaya tsayayya, a rubuta "reno" da sunan watan. In hannu da hannu ne, a samu littafi ta riƙa sa hannu. Tsaraba da kyautar zumunci ba sa shiga lissafi, komai yawansu.

A rubuta yarjejeniyar a shafi ɗaya, su uku su sa hannu: ranaku da sa'o'i, adadin kuɗi, wanda zai kawo abinci da kayan tsarkin yaro, wanda za a fara kira idan zazzaɓi ya tashi, da maganin da ba za a ba shi ba sai an tambaya. A faɗi abin da zai faru a makonnin da yaro yake wajen ubansa. Na fi son a ci gaba da biyan rabi, tunda ta ajiye wasu harkokinta ne saboda shi. A kuma tanadi wadda za ta karɓa ranar da kaka ta kwanta rashin lafiya, wannan kusan kowa mantawa yake yi. Duk wata shida a zauna a sake dubawa.

Akwai uban da zai ce mahaifiyarsa za ta riƙe yaron kyauta, to me zai sa ya biya? Magana ce da ta cancanci a saurara, amma a auna nisan gidan, lafiyarta, da wadda yaron ya saba da ita. Sauya wa ɗan shekara biyu hannu don kawai a tsira da kuɗi yakan dagula masa barci da ci.

Idan kotu ta riga ta yanke adadin ciyarwa, kada uba ya cire kuɗin reno daga ciki da kansa, ko da kakar ce ta yarda. A takarda bashi ne yake taruwa a kansa. Ku kai sabuwar yarjejeniyar gaban alƙalin a shigar da ita cikin hukuncin.