Zafin Afrilu da injin gazuwal

'Yan uwa na Yamai, duk wanda ya tsaya kusa da injin wuta a watan Afrilu ya san ba ƙaramin aiki yake yi ba. Babu tartsatsi a cikinsa: fistan ne ke matse iska har ta yi zafi sosai, a fesa gazuwal, ya kama da kansa. Ƙarfin fashewar ke juya ƙarfen da ke jan alternata, wato na'urar da ke samar da wutar. Don wutarmu ta tsaya a kan hertz 50, wato ta riƙa kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ƙaramin injin mai maganaɗisu huɗu sai ya yi juyi 1500 a minti. Manya irin na tashar wutar Goru Banda ta Yamai, da aka buɗe a 2017, a hankali suke juyawa.

Kilowat ɗaya na awa guda yana cin kusan rubu'in lita zuwa sulusinta. Fiye da rabin ƙarfin man kuwa zafi yake zama, ya bi hayaƙi da ruwan sanyaya injin. Nan matsalarmu take. In zafi ya haura digiri 40, iska ta rage nauyi, radiyata ta gaza, ƙarfin injin ya ragu, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, hayaƙi ya yi baƙi. Ruwa cikin gazuwal yana lalata bakin feshi, shi ya sa ake tsiyaye gindin tanki. Abin da ya fi damuna shi ne barin babban injin da ƙaramin kaya, wato ana jan wuta ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa: man ba ya ƙonewa duka, sai ya riƙa ɗiga ta bututun hayaƙi.