Wace Karfasa Ka Kama?

A shekarar da na fara aikin gwaji a karatun kimiyyar kifi, an damƙa mini tafki guda in riƙa bibiyar hayayyafar karfasa. Aikina in kamo matan, in buɗe bakinsu a hankali, in duba ko akwai ƙwai. Mako bayan mako, da yawansu bakin wayam. Sai na rubuta a littafin aiki cewa kifayen ba sa hayayyafa. Malamina ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Wace karfasa ka kama?" Na ce, "Malam, ai karfasa karfasa ce." Bai musa mini ba. Ya ja ni bakin tafkin, ya kamo biyu ya shimfiɗe su a gabana.

Ta farko wutsiyarta duk ratsi-ratsi ne a jere. Ita ce karfasar Nilu, Oreochromis niloticus, wadda uwa ke ɗaukar ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan haka 'ya'yan kan ruga cikin bakinta in sun ji tsoro. Ta biyu cikinta ja-ja ne, Coptodon zillii. Wannan ba ta ɗaukar ƙwai a baki ko kaɗan. A ƙasan ruwa take zuba su, uwa da uba su tsaya gadi. Ashe ƙwan suna can ƙasa, ni kuwa ina nemansu a baki. Akwai ma Sarotherodon melanotheron, wadda uban ne ke ɗaukar ƙwan. Wannan bambancin renon na daga cikin abubuwan da masaniyar kifi Ethelwynn Trewavas ta yi la'akari da su wajen rarrabe jinsunan, kuma littafinta na 1983 ne malamina ya ba ni in karanta a ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka shigar da karfasar Nilu cikinsa, ta mamaye wurin 'yar asalin tafkin, Oreochromis esculentus, har ita 'yar asalin ta kusa ƙarewa a can. Wanda ke rubuta "karfasa" kawai a littafinsa ba zai taɓa lura da wannan asara ba, domin kullum zai ga karfasa a koma.

Washegari na yage shafin da na rubuta, na koma tafkin na fara ƙirgar daga farko, kowane jinsi da shafinsa.