Dubu hamsin ɗin da na faɗa da makirfo a hannu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in rubuta ta ko wani zai tsira daga abin da na faɗa ciki.

Bara lokacin godiyar kaka a majami'armu nan wajen Sabon Tasha a Kaduna aka nemi gudummawa don a rufe ɗakin makarantar Lahadi, saboda yara a gindin mangwaro suke zama, in hadari ya taso sai a kwashe su a cusa su bayan majami'a. Wannan ya ce buhun siminti biyu, wancan ya ce bandir ɗin kwano, sai wani abokina da muka tashi tare ya miƙe ya ce 40,000, aka yi tafi, matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Ban san sadda na tashi ba, na karɓi makirfo na ce 50,000. A ranar abin da ke asusuna bai kai 12,000 ba, ga kuɗin haya na jira na. Matata ta juyo ta kalle ni, ba ta ce uffan ba.

Ma'ajinmu dattijo ne, tsohon malamin makaranta, yana da wani littafi mai jan bango da yake rubuta alkawura. Duk Lahadi in an tashi sai ya ce, ɗana yaya maganarmu, ni kuma in ce Baba sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare na ce albashi bai shigo ba, alhali ya shigo. Ranar da na rasa abin faɗa sai na ce ai Baba na tura, ƙila netwok ne ya riƙe. Ya ce to ɗana zan duba. Ashe bawan Allahn nan Keke ya hau ran Litinin ya je banki ya bi layi da ciwon gwiwarsa, don kada a ce kuɗin Ubangiji sun ɓace a hannunsa. Mu kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa kam ta haihu, ɗaya ta haifi uku, har ta sa tsoho yana zargin kansa.

Ran wata Laraba a nazarin Littafi Mai Tsarki aka karanta Ayyukan Manzanni sura 5, labarin Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka sayar da gonarsu suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo sauran wa manzannin Yesu kamar duka ke nan, suka faɗi matattu. Tun ina yaro na san shi, amma kullum ɗauka nake rowa ce ta kashe su. Sai mai koyarwa ya ce mu koma ƙarshen sura 4, inda Barnaba, Balawen nan mutumin Kubrus, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni. Su ma sai suka so a gan su kamar Barnaba. Manzo Bitrus ya faɗa wa Hananiya a fili cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa suke bayan ya sayar, babu wanda ya tilasta masa, amma ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa. Bayan kamar awa uku matar ta shigo ta maimaita ƙaryar. Jikina ya yi sanyi, domin ni ma ba wanda ya ce in tashi, da na ba da 2,000 a ambulan shiru da ba wanda zai raina ni. Tafin nake so.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sa wa ƙarya suna mai daɗi, mu ce dabara ce, mu ce rufin asiri ne. A Karin Magana 6 cikin abubuwa bakwai da Ubangiji yake ƙyama, biyu ƙarya ce, harshe mai ƙarya da mai shaidar zur. Yesu kuma a Yahaya 8:44 ya kira Iblis uban ƙarya. Ni mai waƙa a kwaya, harshen wa nake yi a ƙofar majami'a?

Ran Asabar na je gidan Baba a Ungwan Romi, na same shi a tsakar gida yana ba kaji dusa. Na durƙusa na ce Baba ban tura komai ba, tun farko ma ba ni da kuɗin, ƙarya na yi maka. Ya daɗe shiru. Ya ce ya sani tun ranar da ya dawo daga banki, addu'a yake ta yi in zo da ƙafata. Ya ɗauko tabarau ya karanta mini 1 Yahaya 1:9, muka yi addu'a, sannan ya buɗe jan littafin ya ce nawa za ka iya a wata, faɗi gaskiya. Na ce 5,000.

Na biya sau huɗu yanzu, saura 30,000. Matata ma na roƙe ta gafara a daren. Wanda ya rage shi ne abokina, har yau yana ɗauka na fi shi bayarwa a ranar, kuma na ce wa Baba zan same shi kafin Lahadi mai zuwa.