Tsohuwar da Ba Ta Cikin Zanen Goya

Har yanzu abin yana ci mini rai. Na rubuta shafi uku a kan wani ɗan zane na Francisco Goya, mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen, na ce baƙin ciki ne da cinikin jiki a cikinsa, alhali babu kowa a takardar sai budurwa ta sunkuya tana jan safarta.

Zanen na cikin ƙaramin kundin da ake kira na Sanlukar, wanda Goya ya yi a tsakiyar shekarun 1790, da buroshi da baƙar tawada da aka sirka da ruwa. Shafin bai fi tafin hannu da yawa ba, kusan santimita 17 a tsaye, 10 a kwance. Matsalar ita ce na riga na san bugu na 17 a jerin Caprichos na 1799, zane-zanen Goya da aka buga daga farantin jan ƙarfe, inda wannan tsayuwar ta sake fitowa, amma an ƙara tsohuwa a zaune tana kallon yarinyar, irin kawaliyar nan da Goya ke yawan zanawa. A ƙasa ya rubuta "Bien tirada está", magana mai harshen damo: safar ta jawu da kyau, ko kuwa yarinyar ce aka yar. Sai na kwaso tsohuwar da habaicin na zuba wa zanen farko. Ita kuwa ba ta nan.

Duhun ma ba na zanen ba ne. A bugun, asid ne ya ci farantin jan ƙarfe ya bar baƙin da ya rufe bayan ɗakin. A kundin, farar takarda ce ta fi yawa, tawadar kuma ta taɓa wurare kaɗan kawai. Na karanta duhun da ke kaina.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina rufe duk wani rubutu da guntun takarda, in ƙirga mutanen da ke shafin da yatsa, in rubuta abin da hannun kowa ke yi da inda idonsa ya dosa, ba tare da kalmar yanayi ko ɗaya ba. Sai in duba inda tawada ta yi kauri da inda aka bar takarda fara. Bayan nan ne nake buɗe rubutun, in ga me ya sauya. Wannan ya fi muhimmanci a wani kundin zanen Goya da ake kira na Madrid, domin a can ne, daga wajen tsakiyarsa, ya fara sa wa zane take, hira ta yau da kullum ta koma zambo. A duba bayan shafin kuma. Kundayen nan biyu gaba da baya ya zana su, kuma bayan rasuwarsa a 1828 an warware kundayensa, shafuka suka watsu, don haka maƙwabcin zane a littafin yau ba lallai shi ne na asali ba.

Wani zanen ko an bi duk wannan ba ya yanke hukunci. Dattijon nan mai dogon gemu da sanduna biyu, na baƙin alli, da ya zana a birnin Bordo na Faransa bayan 1824, wanda ke gidan tarihi na Prado a Madrid, an rubuta masa "har yanzu ina koyo". Alfahari ne ko ba'a ga tsufa? Na rubuta duka biyun na bar su a haka. Shafuka ukun nan kuwa, layi shida kawai na iya tsamowa daga cikinsu.