Ragon Sallah da dokar ɗa'ar ma'aikata

Na riƙe sakataren sashen yaƙi da cin hanci na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Zariya, irin sashen nan da ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa, ke sa a kafa a ma'aikatu. Jama'a na ɗauka aikinmu farautar ɓarayi ne. Mafi yawansa takarda ne da lallashi da haƙuri da fushin mutanen da kuke sallah sahu ɗaya.

Fom ɗin bayyana kadara bai ba mu wahala sosai ba. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce jami'in gwamnati ya bayyana abin da ya mallaka idan ya kama aiki, sannan duk bayan shekara huɗu, har da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Da aka ga Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta sauke Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a 2019 kan asusun bankin da bai bayyana ba, masu jan ƙafa da kansu suka riƙa zuwa neman fom.

Inda gizo ke saƙa shi ne kyauta. Dokar ba ta hana ɗan'uwa ko aboki ya yi maka alheri yadda al'ada ta saba ba. Amma abin da ya fito daga hannun ɗan kwangila ko kamfanin da ke hulɗa da gwamnati, ana ɗaukarsa saɓa doka ne har sai ka kawo hujjar wanke kanka. A garin da kowa surukin wani ne ko ɗalibin mahaifinsa, ta ina za ka raba aboki da ɗan kwangila?

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, wani mai kawo mana kayan ofis daga Sabon Gari ya aiko da rago gidan shugaban sashen sayen kaya a Tudun Wada. Shugaban dattijo ne mai mutunci, shi da bakinsa ya faɗa mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar biyan kuɗinsa tana kan teburinka." Ya yi shiru, ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Malam, makarantar allo ɗaya muka yi da shi. In na mayar masa, da wane ido zan dube shi?"

Gaskiya ya faɗa, na kuma ji nauyinsa. Mafitar da muka samu ita ce ofis ya ɗauki laifin. Muka rubuta wasiƙa da hatimin ma'aikata, cikin girmamawa, cewa doka ta hana jami'inmu karɓa, direba ya mayar da ragon tare da ita. Daga nan muka buɗe littafin rubuta kyaututtuka, muka liƙa sanarwa a ƙofar shiga tun kafin azumi. Ma'aikaci ya samu abin fakewa: "Ba ni ba ne, Alhaji, ofis ne." A ganina wannan ya hana ɓarna fiye da duk takardun tuhuma da muka taɓa bayarwa, domin yawancin mutane kunya ce ke sa su karɓa kafin kwaɗayi ya biyo baya.

Abin da har yau ke damuna shi ne raunin sashen kansa. Ba mu da ikon gurfanar da kowa, rahoto kawai muke aikawa ICPC. Kuma shugaban da muke sa wa ido shi ke sa hannu a ƙarin girmanmu, shi ke ba mu kuɗin takarda da man mota. Ƙaramin ma'aikacin da ya karɓi na goro a bakin taga, cikin mako an zauna a kansa. Ƙorafi kan babba kuwa, sai fayil ya yi wata da watanni ana cewa Oga ya yi tafiya Abuja. Muddin kasafin waɗannan sassa da naɗin membobinsu na hannun shugabannin ma'aikatu, masinja da akawu ne za su ci gaba da amsa tuhuma.