Ranar da Turancin kwastoma ya hana ni barci

Jakunkunan fata nake ɗinkawa a Kano, kuma kwastomata ta farko daga Ingila ta WhatsApp muke ciniki. Na tura mata hoton jakar da na gama, ja mai adon baƙin zare, sai ga amsa: "I couldn't be more excited!" Gabana ya faɗi. Ni "couldn't" ɗin kawai na gani. Na ce shi ke nan, kaya bai yi mata ba, ga shi na riga na kashe kuɗin fata.

Da sassafe na miƙa wa ƙanwata wayar, ita da ke karatun Turanci a jami'a. Ta karanta, ta tuntsire da dariya. "Haba Yaya, ai murna take! Cewa ta yi ɗokinta ya kai maƙura, ba sauran wurin ƙari."

Daga nan ta zaunar da ni. Mu da "fi" muke kwatance: na fi ka ɗoki. Su kuwa, gajeriyar kalma irin "happy" wutsiya suke ƙara mata ta koma "happier", amma "excited" sai an sa mata "more" a gaba. Haɗa biyun, a ce "more happier", kuskure ne, duk da kullum ina jin sa a bakin masu ji da kansu. In za ka ambaci wanda ka fi, sai "than": "I am more excited than you." In abin da kake ɗoki ne, "about", in aikin da za ka yi ne, "to", kamar "more excited to see it."

Ban gama jin kunya ba, na rubuta amsa don in nuna ni ma na iya: "I am more exciting than you." Ƙanwata ta fizge wayar kafin in tura. Ashe "excited" na wanda ke jin ɗokin ne, "exciting" kuma na abin da ke jawo shi. Wato saura ƙiris in gaya wa baiwar Allah na fi ta burgewa.

Na goge, na gyara, na tura. Har yau in na zo kan kalmar nan sai na tsaya na duba wutsiyarta, ni ke ɗoki ko jakar ce ke sa shi.